Bahon Bakin Ƙofa

Daga gidan kan ruwa, kudu da Melinka
Farkon Nuwamba

Zuwa ga Gwaggo Orfelina Chiguay, mai mulkin murhu a tsibirin Quehui,

Gaisuwa wadda ta fi buhun dankali nauyi, daga ɗan ɗan'uwanki Froilan Oyarzo, wanda duniya ba ta gama sanin darajarsa ba tukuna. Ina fata gwiwar nan taki ta daina yi miki tawaye, tumaki sun haihu lafiya, kuma ruwan sama ya tuna cewa akwai wasu ƙasashe da su ma suke da bukatarsa. Ni dai lafiyata ƙalau, in banda mura da ta mai da hancina gidan haya.

Ina sanar da ke, cikin tawali'un da aka san ni da shi, cewa an ɗaukaka ni zuwa muƙamin Ministan Ciyarwa na wannan gona ta kifin salmon. Mahassada suna cewa aikina bai wuce in watsa abinci a cikin kejin raga in tsaya ina kallo ba. Ba na kula su. Talakawana, wato kifayen, sun fi mutanen tsibiranmu na Chiloe kaf yawa, kuma har yau babu wanda ya kawo ƙara a cikinsu.

A kejin kusurwa akwai 'yan kaɗan da na raɗa wa suna masu zurfin tunani. Idan sauran suka yi ca a kan abinci, su sai su ja gefen raga, kusa da saman ruwa, jikinsu ya yi duhu, suna nazarin al'amuran duniya. Ina girmama su ƙwarai, domin na san halin da mai ilimi ke shiga a tsakiyar mayunwata.

Yanzu ga babban labari. Ɗanki Yaya Amador, taubashina, yana nan lafiya a gonar wancan kamfanin da ke ƙetaren mashigar ruwa. Aikinsa, kamar yadda kika sani, shi ne ya nutse ƙasan keji kullum ya kwaso matattun kifi a buhun raga, abin da ya sa nake kiransa Sarkin Maƙabarta. To, zakin teku, dabbar ruwan nan mai satar kifi, ya yage masa buhun, jirgin kaya kuma bai da ranar zuwa, sai ya aiko wani masunci ya gaya mini. Dokar kamfani ta ce ko igiya kada ta tashi daga wata gona zuwa wata. Amma kamfani bai girma a Quehui ba, inda mutum ba ya hana maƙwabci aron gatari ko da ba sa ga maciji. Ranar Lahadi na ɗauki buhun mai nutsonmu, na ɗauraye shi tas da ruwan teku, na tuƙa kwale-kwale na ƙetare.

A bakin gidansu akwai baho na ruwan magani mai launin shayi, irin namu, wanda duk mai shiga zai tsoma takalminsa da kayansa a ciki. Na ɗaga ƙafa ke nan, sai Yaya ya daka mini tsawa.

"Kai, Farfesa! Yaushe ka zama baƙo? Wa ya taɓa wanke ɗan'uwa a bakin ƙofa kamar tunkiya mai kaska? Shigo, dalla!"

Na ce, "Doka ce, Yaya."

Ya ce, "Dokar ta san uwata ce ta goyi ubanka?"

Da na ga hujjarsa ta fi ƙarfin shari'a, sai na tsallake bahon, ni da buhun. Muka ɗumama milkawon da kika aiko masa, wainar dankalin nan taki da ba ta da ta biyu, na ci nawa na taya shi cin nasa. Na yini riƙe masa tiyon iska yana nutso. Ya ce ina bin sa yini guda na aiki, kuma ina roƙon ki zama shaida.

Naki mai biyayya gwargwadon hali,
Froilan, Ministan Ciyarwa

*

Quehui
Tsakiyar Nuwamba

Froilan, ɗan Eleodoro,

Na ga takardarka. Gwiwa tana nan, ba ta je ko'ina ba. Tumaki sun haihu, ɗaya ta ƙi ɗanta, yana kwana bayan murhu. Ka riƙa shan ruwan zafi da zuma saboda murar.

Nelda matar yayanka ce ta karanta mana, don idona ba ya jure ƙananan rubutu. Maƙwabcinmu Don Baldovino ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi. Ya ce a tambaye ka, Minista yana da mota ko kuwa kwale-kwale ne? Yanzu da an ga jirgi ya tsaya sai mutane su fara leƙowa, wai ko takardar Farfesa ta zo. Ka ci gaba da rubutowa, ka ɗebe mana kewar rediyo.

Abin da ka yi wa yayanka shi ne daidai. Da ka hana shi buhun nan saboda wata doka, da ban san da wace fuska zan je kabarin ubanka ba.

Ga abin da nake so ka sa a ranka. Gidan katakon marigayiya Clorinda da ke can ƙetaren gaɓa ya zama na Amador, kuma a watan Fabrairu za a yi gayya a jawo shi nan kusa da ni. Za a ɗora shi a kan gungume, bijimai su ja shi zuwa ruwa, jirage su ƙetare da shi, bijimai su sake hawo da shi tudu. Amador ya ce a ajiye maka igiyar gaba, kusa da shi, wai bijimai sun fi tafiya idan akwai mai surutu a kunnensu. Ka nemi hutu tun yanzu.

Ga safa na saƙa maka. Kada ka ba kowa aro.

Gwaggonka, Orfelina

*

Daga gidan kan ruwa
Farkon Disamba

Zuwa ga Gwaggo, mai saƙar da ta gagari sanyi,

Safa ta iso, ƙafafuna kuma sun umarce ni in miƙa godiyarsu. Mura ta tashi daga gidan haya ba sallama. Ina fata ɗan ragon bayan murhu ya gane cewa ya fi uwarsa sa'ar makwanci. Ki gaishe da Don Baldovino, ki ce masa Minista yana da kwale-kwale, amma an ɗaure shi da sarƙa, ga kuma dalili.

Masu zurfin tunanin nan, Gwaggo, ashe ba tunani suke yi ba, ciwo ne. Sun yawaita, sun fara mutuwa, har aka kawo likitar kifi, Likita Maritza, mace mai ƙarancin magana da kaifin wuƙa. Ta shimfiɗa ɗaya a kan tebur ta kira mu mu gani. Ta ɗaga murfin kumatunsa, sai ga naman da yake numfashi da shi, wanda ya kamata ya yi ja jawur, ya koɗe. Ta tsaga cikin: hanta ta yi ɗige-ɗige fari-fari, ƙoda da saifa sun kumbura, hanji kuwa ko ƙwayar abinci babu.

Na ce, "Ranki ya daɗe, yaushe wannan annoba ta sauka ba ta gaishe da Minista ba?"

Ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Ta daɗe da gaishe ka. Kai ne ba ka amsa ba."

Ga yadda ta warware mana al'amarin, na kuma ƙara masa ado kaɗan. Ƙwayar cuta ce wadda ido ba ya gani, tana yawo a ruwa tana neman ƙofa. Lafiyayyen kifi yana da rigar yauƙi a jikinsa da ke tsare shi. Amma ƙwarƙwatar teku ta ci fatarsu ta bar ƙofofi a buɗe. Mu kuma da muka tashi taimako, sai muka matse su wuri guda don yi musu wankan maganin ƙwarƙwata, suka gogi juna, suka firgita, ƙarfinsu ya ragu. Ga cunkoso, ga ruwa ya fara ɗumi da shigowar zafi. Ƙwayar takan shiga ta rauni ko ta wurin numfashi, sannan ta yi makircin da ko lauya sai ya sara mata: dakarun jinin da jiki ya aiko su haɗiye ta su kashe, a cikinsu take yin ɗaki ta hayayyafa, su kuma su ɗauke ta da kansu su kai ta hanta da ƙoda. Kifin yakan yi makonni yana iyo yana ci kamar kowa, alhali yana zuba ta a ruwa ga maƙwabtansa. Ranar da ka gan shi ya yi baƙi ya ware, zance ya riga ya yi nisa. Gawarsa ma ba ta daina rabo ba, shi ya sa ake kwashe ta kullum.

Magani kuwa a cikin abinci ake gauraya shi, ni ne nake watsawa. Nan ne abin dariyar da ba shi da daɗi. Mai sauran lafiya shi ke rububin abinci ya sami magani. Wanda ciwon ya ci, wanda aka yi maganin dominsa, yana can gefen raga ko kallo ba ya yi. Ina jefa masa har gaban bakinsa, ya bar shi ya nutse.

An rufe mu ruf, ba shiga ba fita, oba-oba kuma tana kulle a ofishin manaja, don haka ban ji ɗuriyar Sarkin Maƙabarta ba. Idan ya zo hutun Kirsimeti, a karanta masa wannan da babbar murya a gaban jama'a: Ya mai martaba, ma'aikatar ciyarwa ta yafe maka buhun nan, ba sai ka mayar ba. Kyauta ce daga gidanmu zuwa gidanku, da shi da duk abin da ka tarar a cikinsa. Muna yi maka fatan kasuwa ta buɗe, kada buhun ya taɓa kwana ba kaya.

Naki wanda annoba ba ta rage wa fasaha ba,
Froilan

*

Quehui
Bayan Kirsimeti

Froilan,

Muna lafiya. Ban tambayi taka ba, don na ga bakinka ƙalau yake.

Amador ya dawo gida kafin Kirsimeti da jakarsa, kuma ba hutu ya zo ba. Ciwon ya shiga gonarsu. Manajansu ya ga buhun da tambarin gonarku a jiki, ya tambayi wanda ya kawo shi. Yayanka ya ce shi ne ya ƙetare ya ɗauko da hannunsa. Bai ambaci sunanka ba. Suka sallame shi. Ni da Nelda kaɗai ya gaya wa, mutanen gari sun ɗauka hutu ne.

Iska ta hana jirgi tafiya, takardarka ba ta iso ba sai jajiberen Kirsimeti, gida cike. Don Baldovino ya ce a karanta. Nelda ta yi ta karantawa ana dariya, har ta zo inda ka ce kyauta ce daga gidanku da duk abin da ke cikinta. Muryarta ta tsaya, aka ce ta ƙarasa, ta ƙarasa. Mutane suka fashe da dariya don ba su san komai ba. Amador ya ajiye cokali, ya ɗauki hularsa, ya fita cikin ruwan sama.

Abu ɗaya nake tambayarka. Ka san abin da ya same shi ka rubuta haka, ko ba ka sani ba? In ka sani, kada ka ƙara kirana Gwaggo.

Orfelina

*

Quehui
Tsakiyar Janairu

Froilan,

Jirgi ya zo ya koma, ya sake zuwa, ba takarda. Don Baldovino ya ce Minista ya yi girma, ya wuce rubuta wa talakawa. Yanzu kowa ya san an sallami Amador, ba mai leƙowa idan jirgi ya tsaya. Ni kuwa na ce wanda aka yi wa tambaya irin tawa ya yi shiru, ai ya amsa.

Yayanka yana daji kullum yana saran gungumen da za a ɗora gidan a kai. Gayya tana nan a Fabrairu, don an riga an gaya wa masu bijimai. Na ce a ba wani igiyar gaba, ya ce a bari tukuna. Ban san abin da yake jira ba.

Orfelina

*

Daga gidan kan ruwa
Ƙarshen Janairu

Gwaggo, in har yanzu an yarda in faɗi haka,

Ina gaishe ki, ina gaishe da Nelda. Yaya kuwa ban san ko gaisuwata za ta shiga kunnensa ba. Jikina lafiya. Na nemi manyan kalmomin nan nawa don in fara da su, na tarar sun watse kamar tsuntsayen teku idan abinci ya ƙare. Takardun da na fara na yaga sun isa hura murhu, shi ne shirun da kika ji. Ba girman kai ba ne, kunya ce.

Ga amsar tambayarki: ban sani ba. Na rubuta waccan takarda tun farkon Disamba, ban ji labarin sallamarsa ba sai daga hannunki. Amma kada ki yi saurin wanke ni. Lokacin da likita ta ce gawar kifi ba ta daina rabo ba, na tuna buhun. Na tuna cewa ana gobe zan kai shi, a kejin kusurwa mai nutsonmu ya yi aiki da shi, kuma da danshinsa na tsallake bahon. Maimakon in buɗe baki a yi wa gonarsu gargaɗi, sai na koma ɗaki na mai da abin wasa, domin halina ne, idan na yi wa abu ba'a sai in ga kamar bai faru ba. Na kuma sa aka karanta ba'ar da babbar murya a kan mutumin da ya rufa mini asiri da aikinsa.

Bayan takardarki na je wurin Likita Maritza na gaya mata komai, na ce, "Ni na kai musu?"

Ta ce, "Ba wanda zai rantse a kan haka. Ruwa ɗaya kuke ciki da su, igiyar ruwa tana kai ta, su ma suna da ƙwarƙwata, su ma ruwansu ya yi ɗumi. Mai yiwuwa da ta je ko ba kai. Amma ka gina mata gada, Minista."

Ranar ce ta fara kirana da sunan nan, kuma da ta mare ni da ya fi mini sauƙi.

Na gaya wa manajanmu, na roƙe shi ya haɗa ni da nasu ta oba-oba, na faɗa masa cewa ni na kawo buhun da ƙafata. Manajan nasu ya ce magana ta wuce, wanda ya karɓa ya yi aiki da shi shi ne mai laifi, kuma ashe har ƙarya Yaya ya yi masa. Kin ga ke nan gaskiyar tawa ba ta mayar wa Yaya aikinsa ba, sai ƙarin ɓacin suna da ta jawo masa. Ni gargaɗi kawai aka yi mini, domin ba mai son watsa abinci a gonar da ke rufe. Ina nan a aikina, shi yana daji, wannan ne ya fi ƙona ni.

Yanzu ba na zama a tebur da abokan aiki. Sai sun gama nake ɗaukar kwanona in fita bakin keji. Suna tambaya ko Farfesa ya haɗiye harshensa ne.

Ba zan zo gayyar ba, Gwaggo. Ba ni da fuskar da zan riƙe igiya ɗaya da shi a gaban mutanen da na sa suka yi masa dariya. A ba wani igiyar gaba. A tsibirin nan ba a rasa mai surutu ba.

Froilan

*

Quehui
Farkon Fabrairu

Froilan, ɗan Eleodoro,

Gwiwa ta motsa saboda tsayuwar gurza dankali. Ɗan ragon ya koma cikin garke, yana tunkuyi.

Wannan karon ban tara kowa ba. Ni da Nelda da yayanka muka zauna. Da ta gama karantawa, sai ya ce ta ɗauko waccan ta Kirsimeti ta sake karanta wurin maganin.

Ka ɗauki kunyar duka ka ɗora a kanka kamar kai kaɗai ka haifi kanka. To, wa ya rubuta maka cewa ka yi daidai? Ni ce. Gobe ma idan maƙwabci ya zo aron gatari zan ba shi, haka aka haife mu. Sai dai na gane gatari daban, buhun gawa daban, kuma na gane a makare kamar kowa.

Kai ka koya mana cewa maganin a cikin abinci yake, wanda ya fi bukatarsa kuma shi ke tsayawa gefen raga ya bar shi ya nutse. Ka fi ni sanin ƙarshen mai yin haka, kai kake ganinsu kullum. To, mu nan ba mu da wani magani sai wanda ke cikin ramin girkinmu na kuranto, duwatsu da zafinsu, nama da dankali da kayan teku a rufe da ganye, kuma ba a aika shi a jirgi. Sai an zauna ake ci. Ka zo.

Gwaggonka, Orfelina

Farfesa, ni ne. Ka yi haƙuri da rubutun, hannuna ya saba da gatari. Ni na ce kada ka tsoma ƙafa, don haka ka bar mini rabona na kunyar, kada ka cinye ta kai kaɗai yadda ka cinye milkawo. Aiki ya tafi, haushinka kuma bai gama fita daga raina ba, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma gida ba ya jan kansa. Yinin da kake bina ka yafe, ka ƙaro mini naka a kai. Na ce Nelda ta ajiye bahon wanki a bakin ƙofa ranar gayya. Ni zan fara shiga, kai ka biyo baya, a gaban Don Baldovino da kowa da kowa. In za su yi dariya su yi mana tare.

Amador

*

Daga gidan kan ruwa
Fabrairu

Gwaggo,

Ina cikin jirgi mai zuwa. Manaja ya ce ba zan fita ba sai an wanke ni da kayana tas, na ce a ƙara magani, kada a ji tausayina. Safarki kaɗai na roƙa a bar mini, suka ce sai an dafa ta, ta kuma fito daidai ƙafar jariri. Ki yafe mini wannan ma.

A gaya wa Yaya na ji. A sa ruwan bahon ya yi sanyi yadda ya ga dama.

Ɗanki,
Froilan, mai watsa abinci